Ɗumin Ƙirjin Uwa da Girman Bakwaini

Jaririn da aka haifa kafin cikinsa ya cika mako 37 yakan zo duniya ƙwaƙwalwarsa ba ta gama haɗuwa ba. Abin da fatarsa, kunnensa da hancinsa suka riƙa samu a makonnin farko yana cikin abin da ke gina ta.

A gari irin Mamudo, inda sai an shiga Potiskum ko Damaturu kafin a kai ga kwalbar jarirai, hanya mafi kusa ta kula da bakwaini ita ce rainon kangaru. Likita Edgar Rey ne ya fara shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, saboda ƙarancin kwalabe. Ana kwantar da jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, daga shi sai nafkin da hula, a ɗaure da zani. Goyo ne dai, amma ta gaba. A nan yake samun ɗumi, ya ji bugun zuciyarta da muryar da ya saba da ita tun yana ciki, ƙamshin nono kuma ya ja shi ga tsotso. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 kullum. Uba ko kaka na iya karɓar uwa ta huta.

Sai dai hayaniyar 'yan barka, hasken tocila a ido da yawo hannu-hannu gajiyar da shi suke yi. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi, musamman da hunturu, a garzaya asibiti.