Me Ya Sa Faifan DVD Na Ƙasar Waje Yake Ƙin Yi?

An kawo maka tsarabar faifan DVD na asali daga Saudiyya har Haɗeja, na'ura ta ƙi karantawa? Kada ka jefar, lafiyarsa ƙalau. Kamfanonin fim ne suka raba duniya shiyya 6: Najeriya da Indiya suna ta 5, Saudiyya da Ingila ta 2, Amurka ta 1. Na'ura mai kulle shiyyarta kaɗai take karɓa.

Gwada shi a ƙananan na'urorin Chana, yawancinsu ba kulle. A kwamfuta, manhajar VLC kan buɗe da yawa. Amma kada ka riƙa sauya shiyyar kwamfutar, sau 5 kawai aka ba ka, daga nan ta maƙale a ta ƙarshe.

Faifan Amurka kuwa NTSC ne, mu PAL muke amfani da shi. In hoto ya fito baƙi da fari a tsohuwar talabijin, mayar da saitin na'urar zuwa PAL.