Fitilar Babur Ta Tseren Daji: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Da Mai Sayarwa Su Duba

A tseren babura na cikin daji, irin su Baja 1000 da ake yi a ƙasar Meksiko tun shekarar 1967, dare yakan riski mahaya suna tsakiyar hamada, inda babu kwalta, babu fitilar titi. Saboda haka fitilar gaba ta zama haja mai zaman kanta, wadda kamfanoni irin su Baja Designs na Amurka suka gina sana'arsu a kanta. Darasin da aka koya a can yana da amfani ga 'yan kasuwar Nijeriya masu shigo da kayan gyaran babura ta Legas da Nnewi, domin yawancin masu sayen hajarsu hanyoyin burji da na gona suke bi.

Dalilin muhimmancin fitilar a lissafi yake. Babur mai gudun kilomita 80 a awa yana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan mahayi ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya taka birki, ya riga ya wuce mita 33, kuma a kan yashi taya ba ta kama ƙasa da wuri. Fitilar da haskenta bai wuce mita 40 ba, ba ta bar masa sararin kauce wa rami ko kututture ba.

Iri uku ne ake samu a kasuwa. Na farko shi ne ƙwan halojin, wanda ya fi araha. Samfurin H4 yana cin wat 55 zuwa 60, yana ba da haske lumen 1,000 zuwa 1,650, amma siririyar wayar da ke cikinsa takan tsinke saboda jijjiga a hanya mai gargada. Na biyu shi ne na zenon, wanda da wat 35 kawai yake ba da kimanin lumen 3,000, sai dai yana buƙatar na'urar tayar da wuta, kuma yakan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin haskensa ya cika. Na uku shi ne LED, wanda ya fi su jure jijjiga da tsawon rai, yana kama wa nan take, amma kuɗin sayensa ya fi yawa, kuma zafi yana rage masa ƙarfi idan ba shi da ƙarfen da ke fitar da zafin.

Kafin a sayi kowanne daga cikinsu, wajibi ne a san ƙarfin wutar da koyil ɗin babur yake samarwa. Ƙwai mai wat 55 a kan bolt 12 yana jan kusan amfiya huɗu da rabi, kuma idan fitila ta ci fiye da abin da injin yake bayarwa, batir ne zai biya bashin har ya mutu a tsakiyar daji. Bugu da ƙari, baburan daji da yawa suna aika wa fitila wuta mai kai-da-komo kai tsaye daga koyil, alhali zenon da LED wuta miƙaƙƙiya irin ta batir suke so. A nan sai an ƙara rektifaya, kuma kuɗinta yana cikin ainihin farashin fitilar.

Siffar hasken ma abin dubawa ce. Haske mai tsini yana hango nesa, ya dace da gudu a fili, shi kuwa mai faɗi yana nuna gefen hanya da kwana. Masu tsere sukan haɗa biyun, sannan su ɗaura ƙaramar fitila a kan hular kwano, domin ita tana bin duk inda ido ya juya. A cikin ƙura kuwa, farin haske mai ƙarfi yakan dawo wa mahayi a ido, shi ya sa da yawa suke zaɓar ruwan ɗorawa, abin da ya shafi masu tafiya a lokacin hazon hunturu.

Ga ɗan kasuwa, babban tarko shi ne adadin lumen da ake bugawa a jikin kwali. Sau da yawa adadin na lissafin takarda ne, ba a cire abin da gilashi da zafi suke cinyewa ba. Gara a gwada samfuri da dare a auna nisan haskensa kafin a yi odar kaya masu yawa. Haka kuma a duba alamar IP67, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga, kuma fitilar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa.

Har ila yau, yawancin fitilun tsere ba su da tsarin sauke haske ƙasa, don haka suna kashe idon direban da ke tahowa. Dillalin da ya bayyana wa mai saye cewa wannan haja ta daji ce, ya kuma tambaye shi ƙarfin koyil ɗin babur ɗinsa kafin ya karɓi kuɗi, ya rage wa kansa kayan da za a dawo masa da su.