Kumfar Aski da Sabulu Mai Araha: Abin da Ya Kamata Mutumin Jos Ya Sani

Duk wanda ya taɓa ɗora reza a fuskarsa da asubahin watan Disamba a Jos ya san aski a garin nan daban yake da aski a Lakwaja. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a tsakiyar hunturu sanyin dare kan sauko ƙasa da 10 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan bokiti kamar ƙanƙara, iska a bushe, fata a tsattsage. Ka shafa sabulu a kumatun dama, kafin ka gama na hagu wancan ya bushe ya zama ɓawo. Sojan Barikin Rukuba da aiki ya wajabta masa aski kullum, da ɗan kasuwar Terminus da ya bar gemu yana gyara wuya da kumatu ranar Juma'a, kukansu ɗaya: sabulun nan ba ya kumfa. Sai a ɗora laifin a kan kuɗinsa, a ce dama araha ba ta ado.

A wannan fage dai karin maganar ba ta ci ba. Sandar sabulun aski irin Arko, wadda kamfanin Evyap na Istanbul ke yi, ko ɗan kewayayyen Godrej na Indiya, suna cikin mafi araha a duniya, kuma guda ɗaya kan yi watanni. Kumfar gwangwani da ake fesawa, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1949, ta fi su tsada, ta fi su saurin ƙarewa, santsinta kuma bai kai nasu ba idan an iya haɗa su. Inda ake faɗuwa wuri biyu ne: ana ɗibar sabulu kaɗan, sannan ana zuba masa ruwa gaba ɗaya.

Sai an san aikin kumfa kafin a gane dalili. Gashin gemu busasshe yana da tauri ƙwarai, amma yana shan ruwa. In ya jiƙu na minti biyu zuwa uku sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta wuce ba gardama. Wanzamai sun san wannan tun kafin a kawo reza ƙasar Hausa. Dubi yadda wanzami ke tsoma hannu a ruwa yana murza kan mutum, yana sake murzawa, kafin ya zaro aska daga zabira. Kumfa riƙon ruwan nan take yi a kan gashi don kada ya bushe, ta kuma shimfiɗa santsi tsakanin ƙarfe da fata. Tsayinta da farinta ado ne kawai.

Shi ya sa sabulun aski ya bambanta da na wanka. Na wanka galibi yana da man ƙwarar manja ko man kwakwa da yawa, masu ba da manyan ƙwayoyin kumfa da ke tashi nan take su mutu nan take. Na aski kuwa an cika shi da sinadarin sitiyarik, wanda ke da yawa a kitsen shanu da man kaɗanya, kuma ana dafa shi da fotasiyam, ko a gauraya da sodiyam, don ya riƙa narkewa da sauƙi. Abin da ke fitowa kumfa ce mai ƙananan ƙwayoyi, mai kauri, mai jure zama a fuska.

To, yaya ake haɗa ta? Wadda ta iya damun fura ta riga ta san sirrin. Ba ta juye nono gaba ɗaya a kan fura. Kaɗan take zubawa, ta dama, ta ƙara, ta dama. Ka fara da ɗiga ruwan ɗumi cokali ɗaya a kan sabulun, ka bar shi yayin da kake wanke fuska, musamman da hunturu da sabulu ke ƙanƙamewa kamar dutse. Ka jiƙa burushi, ka matse shi har ya daina ɗiga. Daga nan ka murza shi a kan sabulun, ba sau uku ko huɗu ba, rabin minti cur, ko minti guda in sabulun mai tauri ne. Kumfar farko da za ta taso mai manyan ƙwayoyi yaudara ce, kada ka tsaya a kanta. Ka ci gaba har bakin burushin ya cika da abu mai danƙo kamar kwaɓin fulawa. Nan ne rowa ke cutar da mutane, alhali sabulun da ake tattali ɗin shi ne mafi araha a cikin kayan askin duka.

Yanzu ka kai burushin kan jiƙaƙƙiyar fuska, ko cikin ɗan kwanon silba, ka yi ta juyawa. Da ka ji yana jan fata, ka tsoma tsinin gashin kawai a ruwa, ka ci gaba. Haka za ka yi sau huɗu, sau biyar, wani lokaci fiye. Bugun nan irin na ƙullun ƙosai ne: iska ake shigarwa, hannu ke yin aikin. Za ka ga lokacin da abin ya juya. Kumfar ta daina kama da alli, ta ɗauki sheƙi, ta zama kamar kindirmo mai kyau wanda ke tsayawa a ludayi. Murza kaɗan tsakanin yatsu biyu; in suna sulɓewa, ta yi. In ta koma tsala tana gangarowa wuya, ruwa ya yi yawa, sai ka koma kan sabulu ka ƙara ɗiba. Duka-duka minti biyu ne, ko da yake makon farko za ka ɓata fiye da haka.

Da hunturu a Jos gara kumfar ta ɗan zarce a ruwa da a ce ta gaza, don iska tana shanye ta tun tana fuska. Ni nakan shafa gefe ɗaya in aske, sannan in shafa ɗayan, in bar gashin baki da haɓa su zo ƙarshe don su fi jiƙuwa. Ruwan ya zama mai ɗumi irin na wankan jariri. Tafasasshe yana karya kumfa, yana kuma lalata gindin burushi.

Batun ruwa kuwa, mutanen Filato sun yi sa'a. Duwatsun nan da ake gani jibge a Shere da Riyom na giranit ne, kuma ruwan da ya ratsa irinsu ba ya kwaso kalsiyam da magnisiyam da yawa. Su ne sinadaran da ke kama sabulu su mai da shi dusa-dusa a bakin bokiti, abin da mata ke cewa ruwa yana cin sabulu. Matsalar ta fi yawa a ƙasar da ke da dutsen siminti, irin na Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gwambe. Amma rijiyoyi suna suka tara, kuma wanda ke saye a hannun 'yan ga-ruwa bai san inda aka ɗebo ba. Akwai kuma alimun da ake jefawa don ruwa ya kwanta. In ya yi yawa, kashe kumfa yake yi murus. Gwajin ba wuya: zuba ruwan gidanka a gora, ruwan leda a wata, kankare sabulu daidai wa daida a kowace, ka girgiza. In ta gidan ta yi fari-fari ba kumfa a sama, ka gano mai laifi. Leda ɗaya ta ruwan sha ta ishi haɗa kumfar aski biyu, da damina kuma ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi kowanne.

Burushi na da nasa zance, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Mafi arahar burushin gashin dabba da gashin alade ake yin sa, masu tsadar kuma da gashin wata dabba dangin dage. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da na farkon ba, ya nemi na zaren roba. A ganina ma shi ya fi dacewa da mai sabulu mai araha: ba ya bukatar a jiƙa shi tun da wuri, ba ya shanye sabulu, yana bushewa da sauri. In babu burushi sam, goga sandar a jiƙaƙƙen gemu har ta bar fari, ka jiƙa tafin hannu ka murza. Ba za ta yi kauri sosai ba, amma za ta yi santsi. Wanda ya fi son kwano, ya goge sandar a magogin kuɓewa, ya danna garin a cikin kofi da babban yatsa.

Sabulun salo fa? Da toka ake yin sa, toka kuwa tana ɗauke da fotasiyam, don haka ɗan'uwan sabulun aski ne na nesa, kuma wanda aka yi da man kaɗanya yana ba da santsi mai kyau. Sai dai hannun masu dafawa ba ɗaya ba ne. Wanda toka ta yi wa yawa yana cin fuska, don haka a fara gwada shi a damtse. Sabulun wanki na sanda kuwa a bar shi wa tufafi.

Kumfa mai kyau tana rage ƙurajen aski, amma ba ita kaɗai ke maganinsu ba. Gashinmu murɗaɗɗe ne; in aka yanke shi ƙasa da fata, sai ya lanƙwasa ya soki naman yana tsirowa. Ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka ja fata ka ɗame ta, kada ka bi wuri ɗaya sau da yawa ba tare da sabuwar kumfa ba. Reza kuma taka ce kai kaɗai, ko ɗan'uwa ba a ba aro, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini. In ka gama, ka ɗauraye da ruwan sanyi, ka goga alimun inda ka yanke, ka wanke shi, ka bi da ɗan man kaɗanya kafin ka fita cikin iska. Burushin a wanke shi a yarfe, sabulun kuma a bar shi a buɗe har ya sha iska, don wanda aka rufe da danshi narkewa yake yi ya koma kunu.