"Don Allah Na Yi" Ba Ta Cika Fom

A tambayi matashi a wajen tantance masu neman aikin sa kai ko ya taɓa yi wa jama'a wata hidima, sau da yawa sai ya sunkuyar da kai ya ce bai taɓa ba. Sai hira ta yi nisa a gano shekara da shekaru yana cikin 'yan agajin masallacin Juma'ar unguwarsu. Shi ke tsara sahu ranar Idi, shi ke tare hanya, kuma ya sha ɗaukar wanda ya yanke jiki ya faɗi zuwa asibiti. A wurinsa wannan ba aiki ba ne, tunda ba ofis, ba albashi, ba takardar shaida.

Abu biyu ke ɗaure mana baki. Na farko kunya, domin an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Na biyu ya fi nauyi, wato tsoron riya: mutum yana gudun kada lissafa alherin da ya yi ya cinye masa lada. Tsoron yana da tushe, amma ba nan ne muhallinsa ba. Mai tantancewa ba yabonka ya zo ji ba, so yake ya san inda zai ajiye ka. Malamai kan kafa hujja da Annabi Yusuf, wanda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma bayyana amanarsa da saninsa, don ya san jama'a za su amfana.

Dubi ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle. A ranakun nan wa aka fi nema? Wanda ya iya iyo, wanda ya iya tuƙa kwale-kwale, matar da ta saba girkin taron ɗaruruwan mutane, mai jin Kanuri da Hausa da zai yi tafinta. Babu ɗaya cikin waɗannan da sai an je jami'a ake koya. Haka ma yaƙi da shan inna: kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020, dubban matan sa kai ne suka bi gida-gida a jihohin Arewa, kuma babban jarinsu shi ne an san su, ana buɗe musu ƙofa.

Saboda haka idan ka zo cika fom, bar jera siffofi. "Ni mai ƙwazo ne, mai haƙuri, mai son taimako" kowa ma haka ya rubuta. Faɗi abin da ka yi, a ina, tsawon wane lokaci, da mutum nawa. Wadda ta riƙe adashin mata ashirin shekara uku ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta iya riƙon kuɗi da lissafi, sai ta rubuta shi haka. Wanda ya tara samarin layi aka yashe kwata kafin damina ya iya haɗa kan mutane. Koyar da yara a Islamiyya, zaman jinya, aikin gayya a gona, duk su shiga. Harsunan da kake ji ma ka lissafa su, har da Fulatanci ko Zabarmanci, haka lasisin tuƙi da iya aiki da kwamfuta.

Kowace ƙungiya da abin da take dubawa. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda dokar majalisa ta kafa a 1960, za ta so jin ko ka sami horon taimakon gaggawa. Shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka kafa a 1970 mai hedikwata a Bonn ta ƙasar Jamus, ta intanet ake nemansa, kuma sai ka cika shekara 18. A can kowane gurbi da sharuɗɗansa, don haka karanta su, ka sa abin da ya dace da su a sama. Takarda ɗaya ba ta zuwa ko'ina da ko'ina.

Kada kuma gudun kunya ya kai ka ga ƙari. Wanda ya ce ya iya tsayar da jini alhali bai iya ba, ran wani ya sa a caca. Lokacinka ma faɗi gaskiya: in Asabar kaɗai kake da sarari, ka ce Asabar. Masu shirya aiki sun fi son mai zuwa sau ɗaya a mako ba fashi da mai alkawarin kullum da zai ɓace bayan Sallah.

Nemi mutum biyu da suka ga aikinka da idonsu, kamar limami, shugaban makaranta ko kwamandan 'yan agaji, ka sanar da su tukuna kafin ka ba da lambarsu. In kuwa wani ya ce sai ka biya kuɗin fom kafin a ɗauke ka aikin sa kai a Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗan damfara ne, domin Majalisar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar mutane.