Kura ce ko ƙura? Fara da ƙanenka

A ce kana Turba da daddare, sai wayarka ta yi ƙara. Saƙo ne a zauren WhatsApp na 'yan gari: "Sun shigo Isa". Mai saƙon tambaya yake yi, amma bai sa alamar tambaya ba. Kafin ya gyara, saƙon ya zagaye gari, wata uwa ta goya ɗanta ta nufi daji. A yankinmu na Sabon Birni da Isa, inda ake kwana da ido ɗaya, alamar rubutu ba ado ba ce.

To, yaushe ake koyon ta? Tun ana yara, kuma da wasa ta fi shiga kai, ba da bulala ba. A 2003 wata marubuciya 'yar Ingila, Lynne Truss, ta fitar da littafi kan alamomin rubutu mai suna Eats, Shoots & Leaves. A 2006 aka yi na yara mai hotuna: jimla ɗaya, zane biyu, waƙafi kawai aka gusar, ma'ana ta juye. Yaro ya yi dariya, darasi ya zauna.

Hausa ma tana da kayan wannan wasa, har ta yi rara. Duba: "Baba ya zo." "Baba ya zo?" "Baba, ya zo!" Kalmomi uku ne, hotuna uku daban. Ga kuma baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda suka samu gindin zama a boko a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya. Zana kura a bakin ƙofa, gefe guda ka zana ƙura ta turnuƙe tsakar gida, ka tambayi ƙanwarka wacce ce "ta shigo gida". Haka baki da baƙi, kasa da ƙasa. Maƙwabtanmu na Maraɗi har ƴ suke rubutawa inda muke sa 'y.

Littattafan ma akwai. Shirin Mu Karanta ya kai littattafan Hausa ajin firamare 1 zuwa 3 a jihohin Sakkwato da Bauchi, shafin African Storybook kuma yana da labaran Hausa masu hotuna, kyauta. Amma ka san halin da ake ciki: yara da yawa a nan rashin tsaro ya raba su da aji. Wayar hannunka na iya zama littafin farko da ƙanenka zai buɗe.

Saboda haka, sa Hausa a madannin wayarka, Gboard yana da ita. Daina rubuta "yace", "ya ce" ake rubutawa. Yau da yamma ka tara yaran gida, ka samo gawayi da kwali, ku zana kura da ƙura. Kai kuma, kafin ka tura saƙo na gaba, duba ƙarshensa: labari kake bayarwa, ko tambaya kake yi?