Ganawa Da Insha'i: Shin Suna Auna Ɗalibi Kuwa?

Ɗalibin da ya saba da jarrabawar JAMB zai yi mamaki idan ya ga abin da manyan jami'o'in Amurka ke nema a wurin mai son shiga. Bayan sakamakon makaranta da wasiƙun shaida daga malamai, sai an ce ya rubuta insha'i game da rayuwarsa. A takardar neman shiga ta haɗin gwiwa, wato Common Application, wadda kwalejoji 15 suka ƙirƙiro a 1975, ba a yarda insha'in ya wuce kalmomi 650 ba. Wasu jami'o'in kuma sukan haɗa yaro da wani tsohon ɗalibinsu, su zauna su yi hira, daga baya ya aika da rahoto.

Asalin wannan al'ada ba mai daɗin ji ba ne. A farkon ƙarni na 20 jarrabawa ce ke shigar da mutum Jami'ar Harvard. Da 'ya'yan Yahudawa suka yi ta cinyewa, har a 1922 suka haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗalibai, sai shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya nemi a taƙaita yawansu. Da aka ƙi amincewa da hakan a fili, sai aka ɓullo ta bayan gida: aka ce za a riƙa duba "halin" ɗalibi ta hanyar hoto da wasiƙu da ganawa da rubutunsa. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya bi diddigin labarin a littafinsa na 2005.

To, me bincike ya ce game da ganawar kanta? Wani abu da ya faru a jihar Texas a 1979 ya zama tamkar gwajin da babu wanda ya shirya shi. Makarantar koyon aikin likita ta Houston ta gama zaɓen ɗalibai 150, sai majalisar dokokin jihar ta umarce ta da ta ƙara 50. A lokacin kuwa waɗanda suka rage su ne waɗanda masu ganawa suka ajiye can ƙasa. Dole aka ɗauke su. Da masana suka bi sawun rukunonin biyu har ƙarshen karatu da shekarar farko ta aikin asibiti, ba su sami wani bambanci na a zo a gani ba. An buga sakamakon a 1987. Dalilin bai da wuyar ganewa. Hirar da ba ta da tsari takan auna fara'a da iya zance, kuma ɗan Adam yakan so mai kama da shi. Wannan ya sa Jami'ar McMaster ta Kanada ta fito da wata dabara a farkon shekarun 2000: ɗalibi ya zagaya tashoshi da dama, kowace da alƙalinta da tambayarta ta 'yan mintoci, yadda son zuciyar mutum guda ba zai yanke masa hukunci ba.

Shi ma insha'in bai tsira ba. A 2021 wasu masu bincike suka sa kwamfuta ta tantance insha'i 240,000 na mutum 60,000 da suka nemi Jami'ar Kalifoniya. Sun gano cewa abin da ɗalibi ya rubuta a kai ya fi makin jarrabawar SAT nuna ƙarfin aljihun iyayensa. A ganina wannan shi ne abin da ya fi tayar da hankali, domin da ma an ce insha'i ne zai ba ɗan talaka bakin magana.

Duk da haka darajarsa ƙaruwa ta yi. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i yin la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma ta bar ƙofa guda a buɗe: ɗalibi na iya bayyana yadda wariya ta shafi rayuwarsa a cikin rubutunsa. Nan da nan jami'o'i da dama suka sake tambayoyin insha'insu, a daidai lokacin da manhajar ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, ke iya tsara kalmomi 650 kafin malami ya gama kiran sunayen 'yan aji.