Wa Ya Sassaƙa Algaitar Hakimi?

A Barkiya, da ma duk ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, ba sai an aiko ɗan saƙo ba kafin a san hakimi ya iso. Tun ba a hango ƙurar dawaki ba, ko ta motoci a yanzu, kunne ya riga ido: ganga na amo a ƙasa, algaita na tsaga iska a sama. Dattijon da ya saba zuwa hawan salla a Katsina yana iya tsayawa nesa da Ƙofar Soro ya gaya maka ayarin Maradin Katsina ne ke tafe ko na 'Yandaka, don kowane basarake da takensa, kuma algaita magana take yi, tana bin hawa da saukar muryar Hausa. Mun san mai sarautar. Sau da yawa mun san mai busar da gidan da ya fito. Amma tsaya a kasuwar Kurfi ka tambayi mutane wa ya sassaƙa algaitar da suke ji tun suna yara, ka ga yadda za a dube ka.

Ba hannu ɗaya ke yin ta ba, shi ya sa. Gangar jikinta icce ne da aka sassaƙa aka huda, siriri daga sama, yana buɗewa har ya ƙare da baki mai faɗi. Wannan aikin sassaƙa ne. Ana lulluɓe iccen da fata a ɗinke, kuma fatar ba ado kaɗai ba ce, ita ke riƙe gaɓoɓin ta toshe duk kafar da iska za ta sulale. Wannan aikin dukanci ne. A sama akwai siririn bututu na tagulla ko wani farin ƙarfe, da ɗan faifai zagayayye da mai busa ke dafa leɓɓansa a kai, aikin maƙeran farfaru ke nan. Sai kuma abin da ya fi komai ƙanƙanta ya fi komai muhimmanci: ɗan karan ciyawa da ake matse bakinsa a sa a kan bututun. Shi ke karkarwa ya ba da sauti. Wannan kam mai busa da kansa yake gyarawa, kuma ba ya rabuwa da na ajiya, don yanzu ya yi daɗi, an jima ya mutu.

Ramukan yatsu ba su da yawa, galibi huɗu ne. Sauran aikin duk na ƙirji ne da kumatu. Mai algaita yana cusa karan gaba ɗaya cikin baki, ya cika kumatunsa da iska, yana turawa da su yana shaƙar sabuwa ta hanci a lokaci guda, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko da ayari zai yi tafiyar awa guda. Yara na dariyar kumatun nan. Su ne ma'ajiyar numfashinsa.

To yaya mabusa ke bambance mai kyau da maras kyau? Ba da ido ba. Jar fata da tuntaye na masu kallo ne. Abin da za ka ji suna faɗa shi ne wannan tana da murya, waccan tana cin iska, wannan ta shaƙe, waccan tana amsawa da wuri. Wadda ke cin iska ita ce ke yoyo ta wata kafa, ko wadda aka yi wa rami mai faɗi fiye da kima, sai mutum ya galabaita tun ba a kai fada ba. Idan tazarar ramukan yatsu ta kauce, take ba zai fito daidai ba, kuma take in ya karkace, magana ce ta karkace a gaban mai sarauta, abin da ba wasa ba ne ga wanda abincinsa ke nan. Akwai kuma gwajin hunturu. Iskar Disamba da Janairu a ƙasar Katsina tana tsaga iccen da bai bushe ba kafin a sassaƙa shi, don haka algaitar da ta ga hunturu da yawa ba ta fashe ba, ta riga ta ba da shaidar wanda ya yi ta. A tsakanin mabusa ana sanin aikin wane ne, ana yabawa ana kushewa. Sai dai zancen ba ya fita daga cikinsu, kuma babu hatimi a jikin iccen.

Algaita tana da dangi ko'ina. A Barno tana nan a fadar Shehu, tana nan a Damagaram da Maraɗi. A Maroko akwai gaita, a Masar mizmar, a Turkiyya zurna. Duk wanda ya taɓa kallon biki a fim ɗin Indiya ya ji shehnai, wadda Bismillah Khan ya ɗaukaka har ya busa ta a Delhi lokacin bikin samun 'yancin ƙasar a 1947. (Matasanmu ma yanzu in ka ce Algaita, fassarar fina-finan Indiya ta Kano ce ke fara zo musu a rai.) Turawa su ma suna da tasu irin ta da, mai ƙara, ta filin Allah. A tsakiyar ƙarni na 17, a fadar Sarkin Faransa Louis na 14, mabusa kuma masassaƙa daga gidajen Hotteterre da Philidor suka sake mata fasali. Suka cire faifan leɓe, ya zama leɓɓan mutum ne ke riƙe karan kai tsaye, yana iya sassauta murya ko ɗaga ta. Abin da ya fito shi ne obo. Daga baya aka yi ta ƙara mata maɓallan ƙarfe har suka kusa rufe jikinta. A yau, kafin babbar ƙungiyar makaɗan Turawa ta fara wasa, mai obo ne ke busa sauti ɗaya kowa ya daidaita kayansa a kai.

A can, sunan maƙeri shi ne kan gaba, a buge yake a jikin iccen tare da lamba. François Lorée ya buɗe shagonsa a Faris a 1881, bayan ya yi shugaban ma'aikata a gidan Triébert, kuma har yau kamfanin na aiki a hannun iyalin de Gourdon. Rigoutat ya fara a 1922, Marigaux a 1935, dukansu a Faransa. Howarth na Landan ya zo a 1948. Akwai Püchner da Mönnig a Jamus, Laubin da Fox a Amurka, Yamaha a Japan. Obo ta ƙwararru takan kai dala dubu goma ko fiye. Mabusansu kuwa suna da ra'ayi mai zafi a kan kowanne. Za ka ji ana cewa Marigaux muryarta na da kauri da taushi, Rigoutat na da haske tana sakin jiki, Lorée tsayayya ce ba ta watsewa. Laubin kaɗan suke yi a shekara, an yi lokacin da mutum kan yi shekaru a layi kafin tasa ta fito.

Amma in ka bi diddigin wannan suna, sai ka tarar daga bakin mai busa ya fito. Lorée ta mamaye Amurka ne saboda mutum ɗaya, Marcel Tabuteau, Bafaranshe da ya riƙe kujerar babban mai obo a ƙungiyar makaɗan Filadelfiya daga 1915 zuwa 1954. Lorée yake busawa, ita ya sa ɗalibansa suka busa, irin su John de Lancie da John Mack, su kuma suka kama manyan kujeru suka koyar da nasu ɗaliban. In an ambaci Rigoutat sai a tuna Heinz Holliger na Suwizalan. In an ambaci Marigaux sai a ce François Leleux. Albrecht Mayer na Balin har samfuri aka yi da sunansa a gidan Mönnig. Yaro ba ya zaɓar obo don ya gwada goma ya auna. Abin da malaminsa ke riƙe da shi yake saya, kamar yadda ɗan gidan busa a nan ke fara koyo da algaitar mahaifinsa, kunnensa ya ginu a kanta, duk wata da ya ji daga baya da ita zai gwada ta.

Ni a ganina rabin gardamar da suke yi a kan kamfanoni gardamar gidajen malamai ce. Hujjata ita ce karan baki. Ƙwararren mai obo, musamman a Amurka, da hannunsa yake fere nasa, daga wata irin gora da ta fi suna a yankin Var na kudancin Faransa. Yana zaune da wuƙa da zare yana kankarewa, ya yi da yawa ya zubar kafin ɗaya ya yi masa. Ka ba mutum biyu obo guda, kowa da karansa, murya biyu za ka ji. Wato da mai busa a gidan wasan Balin da Sarkin Busa a ƙofar fada, damuwarsu ɗaya ce da safe: ko ɗan karan nan zai amsa yau. Ban ce maƙeri ba shi da tasiri ba. Ramin cikin obo siriri ne ƙwarai a sama, kuskuren da ido ba ya gani yana ɓata sauti, kuma mabusan Amurka da yawa na ganin ramin yana canzawa da shekaru har su sauya sabuwa. Amma maƙeri iyakarsa ya ba ka abin da ba zai ci amanarka ba.

Wani abin da ya kamata mu sani: iccen da ake yin mafi yawan obo na ƙwararru daga Afirka yake zuwa. Baƙin icce ne mai nauyi, ba kanya ba, wanda Suwahilawa ke kira mpingo, ana saro shi a Tanzaniya da Mozambik, kuma yana shekaru masu yawa kafin ya isa sara. Tun 2017 cinikinsa ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Shi ma yana tsagewa in ya sha sanyi da bushewa, har kamfanin Buffet Crampon ya ɓullo da hanyar niƙa shi a haɗa garin da wasu sinadarai a sake ƙera shi. Hunturu ba mu kaɗai yake wa ba.

Inda suka fi mu shi ne rubutu. Lorée ya mutu, awonsa bai mutu ba. Duk da haka ko su sun taɓa shiga tsaka mai wuya. Birnin Biyena yana da tasa obo ta daban wadda mabusansa ba sa yarda su sauya, sai masu ƙera ta suka yi ta raguwa, har aka kai ga Yamaha na Japan ne ya shigo wajajen 1980 ya fara yi musu. Ya iya ne saboda akwai tsofaffin samfura da za a auna, akwai sunayen waɗanda suka yi su.

Namu fa? Tarihin Kano ya ajiye mana cewa kakaki ya shigo fada a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sunan sarki ya tsira, na maƙerin bai tsira ba. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina, sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, suka bayyana kayan kiɗa da busa da matsayin masu su. Aiki ne mai amfani, amma ya haura shekara hamsin. Algaitun da ke gidajen tarihi na Turai da Amurka kuwa, abin da akan rubuta a ƙarƙashinsu bai wuce sunan ƙabila da ƙasa ba. Dalilin a fili yake. Busa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce mai jingine da sarauta, ba a sayen algaita don nishaɗi a ɗaki, masu bukatarta ba su da yawa, guda ɗaya kuma tana iya yi wa mutum shekaru. Kasuwa irin wannan ba ta ɗaukar kamfani, kuma ni ban ga abin da kamfani zai ƙara mata ba. Fiyanon situdiyo ya riga ya kwaikwayi muryarta a waƙoƙin zamani, amma ba a taɓa ganin hakimi ya shiga Ƙofar Soro da fiyano a bayansa ba.

Abin da ake bukata ƙarami ne, bai fi ƙarfin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ba, bai fi ƙarfin ɗalibi ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Isa Kaita ba. Ranar hawan salla mabusan hakimai duk suna Katsina wuri guda. A zauna da kowanne bayan an sauka, a tambaye shi wa ya yi masa tasa, a wane gari, da wane icce, wa ya ɗinka fatar, daga wace fadama yake samo karan. A sa ma'auni a ɗauki tsawonta, da faɗin bakinta, da tazarar ramukan, a naɗi takensa a waya. In maƙerin yana raye a je a same shi, don shi kaɗai zai faɗi tsawon lokacin da yake barin iccen ya bushe kafin ya sa masa gizago.